Na Rubuta Masa Turancin Da Ya Fi Laifinsa Nauyi

Assalamu alaikum Gwaggo, ya aiki, ya ƙoƙari? Ni malama ce a wata sakandaren gwamnati, shekarata 32, kemistiri nake koyarwa. Bara aka naɗa ni shugabar sashen kimiyya. Cikin malaman da ke ƙarƙashina akwai wani dattijo da a haife ya haife ni, har maigidana ma ya koyar a aji uku. Shi NCE gare shi, ni kuma digiri, shi ya sa na zo daga baya na sha gabansa.

Gwaggo, bawan Allahn nan masifaffe ne. Ba mu taɓa zaman sashe an tashi lafiya ba. Jadawalin darussa ya yi faɗa a kai, rabon azuzuwa ya yi faɗa, kujerar da yake zama a ɗakin malamai ma in wani ya matsar da ita sai an ji kansu. Ranar da na ba shi darasi biyu na safiyar Litinin, a gaban kowa ya buga tebur ya ce shi ba yaron kowa ba ne, kuma sati uku bai taka ajin ba.

Da lokacin cika fom ɗin APER ya zo, wato fom ɗin auna aikin ma'aikaci na ƙarshen shekara, ni ce mai rubuta ra'ayi a kan nasa. Turancina na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje, ban saba siffanta halin mutum da shi ba. Sai na shiga waya na nemi kalmomin da ake faɗa wa mai yawan faɗa, ta jero mini su. Na zaɓi biyu da na ga sun fi cika baki, na rubuta: "He is belligerent and pugnacious." Da ya zo sa hannu ya gani, sai ya ɗauki fom ɗin ya kai wa malamin Turanci, shi kuma ya fassara masa cewa wai na ce shi mayaƙi ne, ɗan dambe. Ya ƙi sa hannu, ya kai ƙarata wurin firinsifal, yana cewa na kira shi ɗan daba a takardar gwamnati don in hana shi ƙarin girma. Yanzu da na shiga ɗakin malamai sai in ji ana "Madam Belligerent ta iso". Maganar har ta je kunnen surukina, don sahu ɗaya suke sallah da mutumin, maigidana kuma ya ce in janye, in ba shi haƙuri a wuce wurin.

Ni dai na san ban yi masa ƙarya ba, amma kunya ta ishe ni. Wace kalma ya kamata in rubuta? Yaya zan koyi irin wannan Turancin don kada in sake? Kuma in janye ne ko in tsaya a kan bakana?

Daga wata malama. An taƙaita wasiƙar, an kuma sakaya wuri da sunaye.

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da wannan ɗawainiya. A ɗora wa yarinya shugabancin wanda ya koyar da mijinta, sannan a miƙa mata biro a ce ta auna shi, ai ko ba a yi faɗa ba abin da nauyi. Kunyar da kike ji kuwa na gane ta. Mu nan ana iya yafe wa mutum kuskuren lissafi, amma a ce Turancinsa ya zame a bainar jama'a, sai ya ji kamar an yi masa tsirara. Ki kwantar da hankalinki, don abin da kika rubuta ba ɓataccen Turanci ba ne. Nahawunsa daidai yake, kalmomin ma suna nan a ƙamus. Nauyinsu ne ya wuce kayan da kika ɗora musu.

Bari mu fara da su, tunda su suka jawo. Belligerent daga Latin ta fito, daga kalmar yaƙi da kalmar aikatawa, wato mai gabza yaƙi. Har yau a dokokin ƙasa da ƙasa da ita ake kiran ɓangarorin da ke fagen daga, shi ya sa za ki gan ta a labaran Sudan tun da sojojin ƙasar da dakarun RSF suka kaure a Afrilun 2023. Ana faɗa wa mutum ɗaya ma, amma irin wanda ya taso da zare ido da haɗa ƙirji, kamar mashayin da 'yan sanda suka tsayar yana neman cakumarsu. Pugnacious kuma tushenta dunƙulen hannu ne da naushi, dangin kalmar da ake kiran ɗan dambe da ita, ma'anarta a yau mutum mai ɗokin faɗa, wanda ko ba a tsokane shi ba yana jiran ƙiris. To kin ga malamin Turancinku bai ƙirƙiro fassararsa daga iska ba, sai dai ya tono saiwa ya miƙa wa mai fushi, ya bar ma'anar da ake amfani da ita yau. Ba wanda ya san Turanci da zai karanta layinki ya ɗauka Malam sojan haya ne ko ɗan daba. Amma jami'in da ke zaune a ma'aikata, wanda bai taɓa ganin fuskar Malam ba, in ya buɗe fayil ya ga kalmomin nan biyu a jere, hoton da zai zo masa shi ne na mutumin da ake tsoron ya kai hannu. Ke kuwa a wasiƙarki tebur kawai ya buga.

Kalmomin nan kamar kayan miya suke. Tattasai da attaruhu da barkono duk jajaye ne a faifan mai kayan gwari, sai an sa a tukunya ake sanin wanda ke sa hawaye. Ke da Hausa ba kya rikita su. Kin san mai gardama daban, mai ƙorafi daban, mai tsiwa daban, mai zafin rai daban, kuma kin san duk cikinsu ba wanda ya kai fitinanne, balle tantiri. Kin san tsiwa yarinya ake faɗa wa, ba a ce dattijo yana da tsiwa sai in ana so a wulaƙanta shi. Ba a aji aka koya miki wannan ba, kunnenki ne ya tsinta tun kina goye. Turanci ma haka yake da matakansa, bambancin kawai ba a cikinsa kika tashi ba.

Mafi kusa da mai gardama ita ce argumentative, wadda kika sani tun rubutun insha'i na WAEC. In aka faɗa wa mutum, ana nufin ba ya barin magana ta wuce sai ya ja, kuma ba ta ɗauke da zargin duka ko barazana. Quarrelsome ita ce ta yau da kullum, mafaɗaci, mai yawan saɓawa da mutane, kuma da kalma ɗaya za a tilasta mini in zaɓa wa Malam, ita zan ɗauka. Confrontational tana nuni ga salo, mutumin da in yana da ƙorafi ba ya jan ki gefe, sai dai ya tare ki gaba da gaba a cikin mutane, kuma ofisoshi sun saba da ita. Akwai irritable da short-tempered, masu saurin hasala, wanda fushinsu ke tashi ya sauka, ba lallai suna neman kowa da rigima ba. Cantankerous kuwa ki yi nesa da ita a takardar aiki. Yawanci tsofaffi ake faɗa wa, tsoho mai mita da ɓacin rai, tana kuma da ɗan ƙanshin zolaya. Da ita kika rubuta, da Malam ya sami hujjar cewa shekarunsa kika zaga.

Wasu kuma suna da fuska biyu, su ne ma suka fi yaudarar mai koyo. Combative a bakin masu sharhin ƙwallo yabo ce, ɗan wasan tsakiya da ba ya barin a wuce shi, haka in aka faɗa wa lauya irin marigayi Gani Fawehinmi, wanda ya shafe shekaru yana ja da gwamnatocin soja a kotu. A fayil ɗin malamin makaranta kuwa suka ce. Aggressive a wurin 'yan kasuwa tana nufin zafin nema, amma a asibiti ko makaranta tana sa a fara tunanin lafiyar yara da abokan aiki. Contentious ta fi zama a kan batu fiye da mutum, kamar yadda jaridu suka riƙa siffanta ƙudurorin gyaran haraji da suka tayar da ƙura a ƙarshen 2024. Bellicose ta shugabanni ce da jawabansu na barazanar yaƙi, litigious ta mutumin da abu kaɗan sai kotu. Sannan akwai na gefen yabo, assertive da outspoken, mai tsayawa a kan haƙƙinsa, mai faɗin gaskiyarsa ba tsoro. Ina so ki riƙe waɗannan biyun, don ina da yaƙinin in aka ba Malam biro ya siffanta kansa, su zai rubuta. Hali ɗaya ne, mai shi ya kira shi da suna, wanda aka buga wa tebur ya kira shi da wani.

Abin da ya kayar da ke shi ne irin jerin da wayar ta ba ki. Wannan salon tara kalmomi masu kusancin ma'ana wuri guda ya shahara ne tun littafin da wani likita ɗan Ingila, Peter Mark Roget, ya fitar a 1852, kuma amfaninsa ga wanda ya riga ya san kalmomin ne, ɗaya ta ɓace masa yana so a tuna masa. Ba ya gaya miki wacce ce ta kotu, wacce ce ta kasuwa, wacce ce zagi. Sai kuma ɗabi'armu ta ganin doguwar kalma ita ce ilimi. Dogayen nan galibi daga Latin da Faransanci suka shigo Turanci, ta hanyar coci da kotu da makaranta, shi ya sa suke da ƙamshin hukuma. Mu ma muna da irin haka da Larabci. Ki ce mutum biyu sun yi faɗa, magana ce ta tsakar gida. Ki ce akwai husuma tsakaninsu, kin kai su gaban alƙali.

Koyon ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ki nemi ƙamusun masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's ko Longman, duka ana buɗe su kyauta a intanet. Su ba ma'ana kaɗai suke bayarwa ba, suna sa alama a gefen kalma cewa ta hukuma ce, ko ta suka ce, ko ta yabo, su kuma kawo jimlolin misali. Jimlolin nan su ne karatun, ki duba wa ake faɗa wa kalmar, a wane hali. In kina son gada daga Hausa, akwai ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, amma ko shi ki ɗauke shi matakin farko, ki koma ki tabbatar a na masu koyo. Ki ware littafi ɗaya, kada ki rubuta kalma tsirararta, ki kwafo ta da jimlar da kika tsince ta a ciki, a ƙasa ki sa Hausar da ta fi kusa da ita da kuma wanda za ki iya faɗa wa ita cikin mutanen da kika sani. Wata dabara mai sauƙi, ki riƙa karanta labari ɗaya a Daily Trust da Aminiya, tunda gida ɗaya ke buga su, ki ga yadda aka juya rigimar majalisa ko ta jam'iyya daga wannan harshe zuwa wancan. Sannan ki kafa wa kanki doka: kalmar da ba ki taɓa ganinta a rubutun wani ba, a kan mutum irin wanda kike nufi, ba za ta shiga takardar da za ki sa wa hannu ba.

To amma 'yata, ko da kin dace da quarrelsome tun farko, da ban ce kin cika fom ɗin da kyau ba. Wannan ɗan akwatin da aka bar wa mai rubuta ra'ayi ba wurin yanke wa mutum hukuncin halinsa ba ne. Siffa ana musanta ta. Kika ce masifaffe ne, ya ce ke ce ba ki da kunya, shi ke nan an tashi daga maganar aiki an koma maganar tarbiyya, a nan kuwa dattijo zai ci ki da yaƙi a kowane zaure. Abin da aka yi, ranar da aka yi, a gaban wa, shi ne ba ya musantuwa. Dubi wasiƙarki da kyau. Abu mafi girma a cikinta ba buga tebur ba ne, sati ukun nan ne da yara suka zauna safiyar Litinin ba malami. Wannan shi ne haƙƙin da aka ba ki amana, kuma shi ne bai shiga fom ɗin ba sam. Kin rubuta abin da ya ɓata miki rai, kin bar abin da ya cuci ɗalibai.

Da ni ce, ga irin abin da zan rubuta, da Turancin da ɗan aji uku zai gane: "He knows his subject and has long experience. He often disagrees openly at departmental meetings. He objected to the timetable and missed his Monday lessons for three weeks. He should raise complaints through the proper channel." Wato ya san darasinsa kuma ya daɗe yana yi, yana yawan nuna rashin amincewa a fili a taron sashe, ya ƙi jadawali har ya bar darasin Litinin na sati uku, ya kamata ya riƙa bin hanyar da aka tsara in yana da ƙorafi. Ki sa watan da abin ya faru. Jimlar farko kuma kada ki rubuta ta sai in gaskiya ce, amma ina zaton gaskiya ce, tunda duk zafin da kike ji ba ki ce bai iya koyarwa ba. Ba kalma ɗaya a nan da za a kai wa malamin Turanci, kuma in kin lura wannan ya fi naki na farko tsanani, don akwai rajistar aji da za ta gaskata shi. Akwai kalma guda da nake so ki san ta don ki kiyaye ta, insubordination, wato bijire wa na gaba. Ita ba siffa ba ce, sunan laifi ne a dokokin aikin gwamnati, mai jawo takardar tuhuma da zaman kwamiti. Ba a jefa ta a fom ɗin ƙarshen shekara haka kawai, sai an bi matakanta.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ba ki yi ba. A cikin satuttukan nan uku, kin kira shi kun zauna? Kin rubuta masa ko da layi biyu? Kin sanar da mataimakin firinsifal mai kula da karatu? In ba ki yi ba, to Malam yana da ƙorafi na gaskiya ko da bai iya faɗarsa da kyau ba. A da rahoton ma'aikaci a asirce ake rubuta shi, mutum ya yi shekaru ana danne shi bai san me ke fayil ɗinsa ba. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974 ne aka koma tsarin da ake nuna wa ma'aikaci abin da aka rubuta a kansa, a tattauna da shi, ya sa hannu. Hikimar ita ce kada a yi wa kowa kwanton ɓauna. Fom ɗin shekara tattara abin da aka riga aka faɗa wa juna ne, bai kamata ya zama ranar farko da mutum zai ji laifinsa ba.

Ki ɗan tsaya a inda Malam yake tsaye. Ya shiga aikin nan wataƙila kina firamare. Ya ga ɗalibansa sun tafi jami'a sun dawo sun zama shugabanninsa, saboda takardar da shi bai samu zarafin yi ba. Albashinsa da fanshonsa sun rataya ne a kan matakin da zai kai kafin ya ajiye aiki, kuma masu ƙarin girma suna duba fom ɗin shekarun baya. Mutum irin wannan, kujerarsa ta ɗakin malamai da darasin da ya saba ɗauka su ne ɗan abin da ya rage masa na girma. Da kika canja masa jadawali, in ba ki fara jin ta bakinsa ba, shi ba jadawali ya gani ba, ya ga an nuna masa cewa ba a bukatar shawararsa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan bai wanke shi ba, dattijon da ya bar yara ba darasi don ya huce a kan shugabarsa ya yi abin kunya, kuma shekaru ba sa halatta ihu a taro. Amma sanin inda ciwon yake zai nuna miki inda za ki taɓa. Kada kuma ki yi lissafin cewa ya kusa tafiya ki huta. Dokar 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, in jiharku ta ɗauke ta, zama ne mai tsawo a gabanku.

Ke ma ki tambayi zuciyarki, tsakaninki da Allah. Kin ce kin zaɓi kalmomin da suka fi cika baki. Cika bakin don ki burge masu karantawa ne, ko akwai ɗan ramuwar tebur ɗin da aka buga miki a ciki? Ba zarginki nake ba, duk wanda aka tsinka a gaban jama'a yana jin haka. Sai dai an hore mu da kada ƙin mutum ya sa mu kauce wa adalci a kansa, kuma biron da ke hannun shugaba shaida ce.

Maigidanki da surukinki zaman lafiya suke nema, kuma ba su yi laifi ba. Mutumin malamin mijinki ne, abokin sahun mahaifinsa, dole abin ya yi musu nauyi. Amma sun haɗa abu biyu wuri ɗaya, ke ce za ki raba musu. Haƙuri a kan kalmomin, e, ki bayar, da zuciya ɗaya, don sun fi laifin nauyi kuma sun taɓa mutuncin babba. Janye maganar cewa ya bar aji kuwa ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi, haƙƙin yaran mutane ne. In kika goge komai kika rubuta masa yabo zalla don a zauna lafiya, kin koya wa duk sashen cewa mai ɗaga murya shi ke da jadawali, badi kuma ba Malam kaɗai zai buga miki tebur ba. Ki zaunar da maigidanki cikin natsuwa ki karanta masa sabon rubutun da Hausa. Ina kyautata zaton in ya ji babu zagi a ciki zai tsaya miki, shi ne kuma ya fi dacewa ya kai wa mahaifinsa bayani, ba ke ba. Ki roƙe shi abu ɗaya, kada a mayar da maganar ofis ta zama ta zaure, don in surukai suka shiga sasanci, ke za a ce ki durƙusa a kan komai.

Firinsifal za ki fara gani, tun kafin ya kira ki. Ki tafi da sabon rubutun a takarda daban, da kwanakin da aka bar aji kamar yadda suke a rajista. Ki ce masa kin gane kalmomin farko sun yi tsauri, kina neman izinin cika sabon fom tunda wancan ba a sa masa hannu ba, bai kuma bar makaranta ba. Kada ki shafe da farin ruwan goge rubutu ki rubuta a kai ke kaɗai, gyaran da aka yi a ɓoye shi ke zama abin zargi gobe. Daga nan ki nemi a haɗa ku da Malam a ofis, ba a ɗakin malamai ba, da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, mataimakin firinsifal ko wani tsohon malami sa'ansa. Ki gaishe shi yadda kika saba gaida iyaye. Ki ce, "Baba, kalmomin da na rubuta ban san sun kai haka nauyi ba, ban nufe ka da daba ba, ka yafe ni, na cire su. Maganar darasin Litinin kuwa ba yadda zan yi in ɓoye ta, don ni ma za a tambaye ni." Sai ki yi shiru ki bar shi ya fashe. Zai yi faɗa, zai tono na bara da na bara waccan. Kada ki katse shi, kada ki kare kanki a kan kowace gaɓa. In ya sauka, ki tambaye shi yadda yake ganin ya kamata a raba darussan zango mai zuwa, kuma in shawararsa mai yiwuwa ce ki ɗauka, ki faɗa a taro cewa tasa ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yana iya ƙin sa hannu duk da haka. Ki tuna masa, ko firinsifal ya tuna masa, cewa sa hannun shaidar ya gani ne, ba shaidar ya yarda ba, kuma fom ɗin yana da wurin da zai rubuta nasa bayanin. In ya kafe, ki bar wa firinsifal, shi ke da hurumin abin da ya biyo baya. In kuma kika ga zaman ya gagara gaba ɗaya, ba faɗuwa ba ce ki nemi mataimakin firinsifal ya riƙa cika fom ɗin Malam nan gaba, ke ki riƙa ba shi rahoton aji a rubuce. Ko ya ambaci kai ƙara ƙungiyar malamai ta NUT kada gabanki ya faɗi, rubutun da ke ɗauke da kwanan wata da rajista ba ya tsoron kowane zama. Abu ɗaya ne ba a sasantawa a kai: ranar da faɗan ya tashi daga murya ya koma barazana ko kai hannu, gare ki ko ga ɗalibi, a ranar za ki rubuta wa firinsifal, ki ajiye kwafi.

Sunan da suka laƙaba miki kuwa, in kika nuna yana ƙona ki zai zauna, in kika yi dariya kika amsa sau ɗaya zai gaji ya mutu kafin hutun zango. Malamin Turancin nan ma kada ki riƙe shi a rai, ko da yake ya ƙara gishiri. Ki mayar da shi ɗan gida. Ki kai masa sabon rubutun kafin kowa ya gani, ki ce ya duba miki nahawu da nauyin kalmomi, don wanda ya sa hannu a gyara ba ya komawa ɗakin malamai ya yi ba'a da shi. Sauran fom ɗin malaman sashenki ma ki bi su ɗaya bayan ɗaya kafin su bar teburinki, duk inda kika ga kin siffanta mutum da kalma ɗaya, ki cire ta ki sa abin da ya aikata da watan da ya aikata shi. Ki rubuto mini bayan kun zauna da Malam, ina son jin yadda aka kwashe a kan darasin Litinin. Allah Ya daidaita tsakaninku.

Gwaggonki